Ƙanena ya ɗebo ƙasar kabarin Shata wai don ya yi murya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Ƙofar Marusa ne a cikin Katsina. Ina da ƙane ɗan shekara 22 da ya riƙi waƙa sana'a, kullum yana hanyar situdiyo. Makon jiya na ga wani ƙullin baƙar leda a ƙarƙashin katifarsa, da na kwance sai na ga ƙasa ce. Na matsa masa lamba, sai ya ce wani malami ne ya tura shi Daura ya ɗebo ta a kabarin marigayi Shata, ya riƙa jiƙawa yana sha da asuba har kwana 7, wai muryarsa za ta buɗe. Naira dubu 40 ya biya. Yanzu kuma an ce masa saura ta makabartar Ɗanmarna, daga kabarin shugaban ƙasa, don farin jini, kuma sai da dare ake ɗiba. Mahaifiyarmu ba ta sani ba, hawan jini gare ta. Malam, su wane ne ma manyan da ke kwance a waɗannan wurare, kuma da gaske akwai wani abu a ƙasarsu? Wallahi hankalina a tashe yake.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, bari mu fara da abin da ba ya jira, tarihi ya biyo baya. Kada ka bar yaron nan ya taka makabarta da dare, ta Ɗanmarna ce ko wata, ko da za ta kai ka ga shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa. Ba fatalwa nake jiye masa ba, masu rai nake jiye masa. Mutanen garin nan sun sha jin labarin masu tona kaburbura suna yankan sassan gawa, zukata sun riga sun cika. Duk wanda aka haske da tocila a tsakiyar kusheyi ƙarfe biyun dare, ga leda a hannu ga 'yar fartanya, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko mawaƙi ne. Ihu ɗaya mai gadi zai yi, unguwa ta fito da gora da taɓarya, kafin 'yan sanda su iso an gama. In ya yi sa'a hukuma ta riga jama'a kai hannu gare shi, to taɓa kabari laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci, kuma sunan gidanku ya shiga bakin duniya ke nan, har jikoki sai an goranta musu. Shi kuwa wanda ya aike shi yana ɗakinsa yana sharar barci, dubu arba'in ɗinsa a aljihu.

Tarihi na koyar har na yi ritaya, na kuma daɗe a cikin kwamitin da ke kula da makabartar unguwarmu. Da idon waɗannan biyu zan amsa maka.

Makabartar Ɗanmarna ta ci sunan malamin da hubbarensa yake wurin, Muhammadu ibn al-Sabbag, wanda ya rayu a ƙarni na 17. Sabbag a Larabce mai rini ne, ka ga inda laƙabin ya fito. Shi da Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗantakum su ne waliyyan da Katsinawa ke lissafawa tare in ana maganar ilimin garin nan. Saboda shi mutane suka riƙa son a kai nasu can, har wurin ya zama abin da ya zama. Amma abin da ya kai sunan makabartar kunnen mutanen Legas da Landan shi ne gidan 'Yar'aduwa. Can aka kai Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, ministan harkokin Legas a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Can aka kai ɗansa Janar Shehu, Tafidan Katsina, wanda ya zama na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, ya kuma rasu a tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Sai ƙanensa Umaru, gwamnan jihar nan daga 1999 zuwa 2007, wanda ya cika a fadar gwamnati a Abuja daren Laraba 5 ga Mayu 2010 yana kan kujerar shugaban ƙasa. Washegari Alhamis aka kawo shi, aka sallace shi, aka kai shi inda mahaifinsa da yayansa suke. Mahaifiyarsu Hajiya Dada, wadda Allah ya ja kwananta har ta haura ɗari, ta bi su a watan Satumba na 2024.

Ban manta ranar Umaru ba. Gari ya cika ya batse, gwamnoni, sojoji, 'yan jarida na ƙasashen waje da manyan kyamarori. Amma da aka zo wurin sa shi, yadi nawa ne farin ƙyallen? Irin wanda ake sa wa mai tura baro ne. Uwar kabari da 'yarta, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a rufe, a kwaɓa ƙasa a toshe kafofi, a tura sauran. Ba a yi masa ƙubba ba. Baƙin da suka zo daga nesa suna tsammanin za su ga wani ginin marmara sun koma suna mamaki.

A Daura kuwa, Alhaji Mamman Shata ya rasu a asibiti a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999. Haifaffen Musawa ne, ya yi zama a Bakori, gidansa kuma yana Funtuwa, amma Daura aka kai shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, saboda shi ya bar wasiyyar haka. Kada ka tambaye ni kwatancen wurin, bayan wannan wasiƙa taka ba zan bai wa kowa ba. Janar Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka rufe shi ranar Talata 15 ga wata, shi kuma ba a makabartar gari ba, a harabar gidansa na Daura. Ba a kansa aka fara ba: Malam Aminu Kano ma a gidansa na Mumbayya yake tun 1983. Mu a nan Arewa ba mu da al'adar tara manya a wata makabarta ta musamman da ake yanka tikiti a shiga kallo kamar yadda ake yi a wasu biranen Turai. Galibi mutum garinsu ake mai da shi, kusa da iyayensa, yawanci kafin rana ta sake fitowa sau biyu.

'Yan wasa fa? Nan ne za ka gane yadda makabartar Bahaushe take. Katsina garin folo ce, wato wasan ƙwallon dawaki, tun zamanin Sarki Dikko, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya rasu a 1981, sunansa ya kai ƙasashen waje a wannan wasa. Ƙasar Katsina da ta Daura sun fitar da 'yan dambe da 'yan kokawa da makaɗa suka wasa, mutanen da in suka shigo fili sai mata sun yi guɗa. Je ka makabarta ka ce a nuna maka su. Suna nan kwance tsakanin mahauci da ladan da jaririn da bai kai suna ba, wani an kafa masa ɗan allon ƙarfe da tsatsa ta cinye rubutunsa, wani guntun tukunya ne kawai, wani babu komai. Bayan damina biyar, 'ya'yan cikinsa ma sai sun yi gardama a kan wanne ne.

To yanzu ga abin da ke ci mini rai, wanda kuma nake haɗuwa da shi kusan kowane mako: wannan ƙarya da ake sayar wa yara cewa baiwar mutum tana narkewa ta shiga ƙasar da aka rufe shi da ita, har wani ya zo ya ɗiba. Masu sayen ta kashi-kashi ne, na san su sarai. In zaɓe ya matso, 'yan takara ne, daga mai neman kansila har mai neman Abuja. Su ba sa zuwa da kansu, yaransu suke turowa. In kaka ta yi aka fara dambe, samari ne masu son hannu ya yi nauyi, an ce musu a yi tsaga a dantse a shafa. Sai 'yan waƙa da 'yan fim irin ƙanenka. Sai mata, masu neman haihuwa da masu neman mallakar miji, waɗanda su ne aka fi cuta don su ne ke sayar da kayan ɗaki su biya.

Bari in fara gaya maka abin da ya sha. Shata ya fi shekara 25 a ƙasa. Ka san abin da damina ɗaya take yi wa tudun kabari? Ruwan Agusta yana wanke shi, iskar hunturu ta kwashe sauran. Duk shekara mu ne muke bi gida-gida muna tara kuɗi, mu sayi jar ƙasa a tifa ko a amalanke, samarin unguwa su yi gayya da kwanduna da baro a cike kaburburan da suka lotsa. Haka ake yi a kowace makabarta da ke da masu kula da ita. Ƙasar da ke saman duk wani tsohon kabari yau, ba ita aka tura ranar jana'iza ba. Daga wani rami a bayan gari aka haƙo ta bara ko bara waccan. Wato ƙanenka ya biya dubu 40, ya biya kuɗin mota Katsina zuwa Daura da dawowa, don ya sha abin da direban tifa zai ba shi kyauta in ya roƙa. Wannan ma in an nuna masa kabarin na gaskiya ke nan. A bakin kowace makabarta mai suna akwai zauna-gari-banza da za su karɓi ɗari biyar su nuna wa baƙo duk tudun da ya fi kusa. Na taɓa riskar wani yana tsugune yana shafa kabarin da aka ce masa na wani babban malami ne, alhali ni na san wadda ke ciki, wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, da hannuna na kama makararta. Allah ya jiƙanta, ita ma tana bukatar addu'a, amma ba abin da ya kawo shi ke nan ba.

Sannan ka zaunar da shi ka tambaye shi: shi Shata kabarin wa ya je? Bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Da tallar goro da alewa ya fara, yana rera waƙa a kasuwa da dandali, ya bi ƙauyuka da birane shekara da shekaru tare da masu kalangu da 'yan amshi, yana ƙirƙirar baiti a tsaye ba takarda ba biro, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Wannan wahala ta sama da rabin ƙarni ita ce wani yake so ya jiƙa a kofi ya shanye cikin kwana 7? Na san za a ce maka ai Shata aljanu gare shi. Haka muke, duk wanda ya yi fice sai mun rataya masa aljani ko laya, don kada mu yarda ya fi mu naci ne. Kuma ko da mun ɗauka haka ne, tun yaushe aljani ya koma zama a cikin yashi yana jiran leda?

Ta farin jinin ma ta fi ban dariya. Umaru ya tsaya takarar gwamna a 1991 ƙarƙashin jam'iyyar SDP ya faɗi, Alhaji Sa'idu Barda ya kayar da shi, a lokacin da yayansa yake cikin manyan masu juya siyasar ƙasar nan. Buhari ya nemi shugabancin ƙasa a 2003 da 2007 da 2011, sau uku bai samu ba, sai a 2015, kuma a 2007 ɗin ɗan jiharsa Umaru ne aka ce ya yi nasara a kansa. Mutanen nan da ransu da lafiyarsu, da jam'iyya da magoya baya, ba su iya ba kansu nasara a ranar da suka so ba. Yau da suke kwance ba sa iya kore ƙuda, su ne za su ba yaro ɗan Ƙofar Marusa farin jini ta hanyar ƙasa? Kuma in hawan doki yana cikin kushewa, me ya sa 'yan folon Katsina suke tashi da asuba suna fama da dawaki da sanda, suna faɗuwa suna karyewa?

Wannan tunani ba sabo ba ne, ya girmi Musulunci a ƙasar nan. Je ka Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ka ga manyan tuddan da aka rufe masu mulkin da a ciki. An tona wasu a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu an binne mutanen da kayan ado da na ƙarfe da na hauren giwa. Waɗannan sun ɗauka iko yana bin mai shi cikin rami. Malaman da muke alfahari da su, irin su Ɗanmarna, ƙoƙarinsu shi ne su raba mutane da irin wannan. Yanzu a ce a makabartar da ke ɗauke da sunansa ake tura yaro ya saci ƙasa da dare, wannan ai cin fuska ne.

Ga kuma abin da ƙasar take ɗauke da shi na gaskiya. Makabartunmu da yawa katangarsu ta zube, awaki suna kiwo a ciki, karnuka suna shiga, wasu marasa tsoron Allah ma sun mai da lungunanta wurin bahaya. Wanda ya jiƙa wannan ya sha bai tafasa ba, ya gayyaci tsutsar ciki da gudawa da taifot da kansa. Na masu tsaga kuwa ya fi muni. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa take zama, musamman mai haɗe da kashin dabbobi, kuma ta rauni take shiga jiki. A ɗauki reza a tsaga dantsen yaro a cusa ƙasa, bayan mako ɗaya ko biyu haɓa ta ƙi buɗewa, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe. Sai me? Sai a koma wurin wanda ya yi tsagar, shi kuma ya ce ai mai kabarin ne ya yi fushi, a kawo baƙin bunsuru. Kafin a kai asibiti an makara. Ga macizai da kunamu da ke fakewa a kaburburan da suka rufta, wanda ya zura hannu cikin duhu shi ya sani.

Mu kuma masu gyara, mu muka san ɓarnar. Ramin da hannu ɗaya ya yi a gefen kabari, shi ne hanyar ruwa. Ruwan farko ya bi ta nan ya jiƙa itacen da aka jera, na biyu ya faɗaɗa, kafin tsakiyar damina kabarin ya rufta, wani lokaci har likkafani ya bayyana. Sau nawa muka tona don gyara muka ci karo da layu, da kwaɗo a kulle, da allurai, da gashi a ƙunshe cikin tsumma, da takarda mai sunan wata baiwar Allah da na uwarta? Mahaifin wani ne a ciki. Wani ya yi kuka ranar da aka sa shi. An mai da makwancinsa akwatin ajiyar boka.

Kuma ka lura da yadda mutumin nan yake tafiyar da ƙanenka, don tsani ne mai matakala. Ta farko da rana, Daura, ƙasa kawai. Ta biyu da dare. Ba zai taɓa cewa aiki ya kammala ba, don ranar da ya faɗi haka kasuwarsa ta tashi. In murya ba ta buɗe ba, laifin yaron ne: ya yi magana a hanya, ko ya waiwaya, ko mace ta gifta. A sake. Matakala ta gaba guntun likkafani ce. Wadda ke bayanta ba zan rubuta ta a nan ba, amma samarin da kake gani a labarai an jera su a gaban kyamara da ƙunshi a gabansu, babu wanda ya fara daga can. Kowannensu da 'yar leda ya fara. Kuma da zarar yaro ya yi ta daren sau ɗaya, boka ya riƙe masa wuya, don yana da sirrin da zai yi masa barazana da shi.

Kada ka ce wa mutumin nan malami. Na san yana da rawani da buzu da tulin littattafai, wataƙila har da shafi a TikTok. Malamin da ya karanta Risala, wadda yaran makarantar zaure ke biyawa, ya san an karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa, balle tona shi. Ya san hadisin da ya hana zama a kan kabari, da wanda ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Darda'i da ya rubuta wa Salmanul Farisi yana kiransa ya taho ƙasa mai tsarki, Salmanu ya mayar masa da cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi. In ƙasar Sham ba ta tsarkake wanda ya zauna a kanta ba, ina ga jar ƙasar tifa? Ba zan shiga gardamar da malamanmu na ɗariƙa da na Izala suka daɗe suna yi a kan ziyarar waliyyai ba, kowa da hujjarsa kuma ba fagena ba ne. Amma a shekarun da na yi ina zama da ɓangarorin biyu, ban taɓa jin malamin kirki ko ɗaya ya ce a haura katanga da dare a ƙwaƙule kabarin mawaƙi a sha ba. Ziyara a fili take: ka je da rana, ka yi sallama ga mazauna wurin, ka roƙa musu gafara, ka tuna kai ma kana tafe. Kai ne mai kai musu abu. Su ba su da abin ba ka. Shugaban ƙasa da sarkin waƙa da zakaran dambe, abin da kowannensu yake jira yanzu shi ne wani ya ce Allah ya jiƙansa, ko wani aikin alheri da ya bari yana gudana.

Akwai ƙanwar wannan ƙarya da ke damun mu a kwamiti, ta masu kuɗi ce. Mutum ya zo yana so a killace masa fili kusa da wani babba, ya zuba bulo da siminti, ya cinye wurin mutum huɗu, wai makwabtaka. An yarda a sa alama don a gane kabari, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ajiye dutse a kan na Usman ɗan Maz'un. Alama daban, katanga daban. Gari yana ƙaruwa, makabartun cikin birni suna cika, talaka kuma shi ake cewa ya tafi bayan gari.

Laifin ba na bokaye kaɗai ba ne, dole in faɗa. Da makabartunmu suna da katanga tsayayya, da fitila, da mai gadi da ake biya a kan lokaci, da rabin wannan ba ta faru ba. Mu mun taɓa rubuta takarda zuwa wani ofis muna neman abu uku: fitilu masu aiki da hasken rana, gyaran katangar da ruwa ya kayar, da babban littafin rajista da za a riƙa rubuta sunan wanda aka kawo da ranar da layin da aka sa shi. Na yi sawu ya fi goma. Yau a ce oga ya tafi taro, gobe a ce fayil yana sama, jibi a ce a sake rubutowa don an canja shugaba. A ƙarshe wani ɗan kasuwa ne da ya zo rufe mahaifiyarsa ya ga halin da ake ciki ya sayi fitilun, littafin kuma ni na saya a kasuwa da kuɗin fanshona. Amma bari wani babba ya rasu, ka ga gireda ta share hanya cikin awa uku, an zuba ruwa don ƙura, an shafa fenti. Masu haƙar kabari da suka shekara talatin suna wannan aiki cikin rana, da yawansu sadakar da masu makoki suka miƙa musu ita ce albashinsu. Mutumin da yunwa ke ci, in wani ya miƙa masa dubu biyu ya ce ya kau da kai minti biyar, ba kowa ne zai ƙi ba. Rashin rajistar nan kuma shi ya sa masanin tarihi ba ya iya tsayawa ya lissafa maka 'yan wasa da makaɗan da ke kowace makabarta, shi ya sa kuma ɗan damfara yake iya nuna duk tudun da ya ga dama.

Yanzu ga abin da za ka yi. Kada ka tara masa jama'a, kada ka yi masa tsawa a gaban abokansa, in ka kunyata shi wurin bokan zai koma neman mafaka. Ku zauna ku biyu bayan isha'i, ka karanta masa wannan. In yana jin ciwon ciki, ko zazzaɓi, ko gudawa, ku je asibiti gobe, kuma ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, ba za a kama shi don wannan ba. Duba jikinsa ko an yi masa tsaga. In an yi, ku faɗa a asibitin don a yi masa allurar da ta dace. Hajiya kuwa, kada ka ɗora mata wannan kai tsaye da hawan jininta. Nemi kawunku ko baffanku, wanda yaron yake jin nauyinsa, shi zai san yadda zai shigar mata da maganar in ta kama. Shi mutumin, kada ka je masa kai kaɗai da zafin rai. Ku kai maganar wurin mai unguwa, shi ya san ko Hizba za a kira ko 'yan sanda, don ba ƙanenka kaɗai yake aika ba. Dubu arba'in ɗin ku ɗauka sun tafi.

Ledar kuma kada ka ji tsoronta, ba ta cizo. Ba sai an koma da ita Daura ba. Ka riƙe ta har ranar da za a yi gayyar gyaran makabartar unguwarku kafin ruwa ya sauka, ka zo da shi da safe, ya juye ta a kabarin farko da kuka gani ya lotsa, sannan a ba shi kwando ya shiga layin masu ɗaukar ƙasa har azahar.